JOHNSTON: Jirgin Yaƙin da Bai Cika Shekara a Bakin Aiki Ba

Duk ɗalibin da ya taɓa jefa ƙusa cikin bokitin ruwa ya san ƙarfe nutsewa yake yi. To, amma ga jiragen ruwa nan da aka ƙera da zunzurutun ƙarfe, masu nauyin dubban tan, suna yawo a bisa teku ba tare da sun nutse ba. Amsar wannan ta samu tun fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, daga wani masani Bagirke mai suna Akimidis, wanda ya gano cewa duk abin da aka sa cikin ruwa, ruwan yakan tura shi sama da ƙarfi daidai da nauyin ruwan da abin ya ture. Ƙusa ba ta iya ture ruwa mai nauyinta, saboda haka sai ta yi ƙasa. Shi kuwa jirgi, da yake an yi shi da faffaɗan ciki mai cike da iska kamar ƙwarya, yakan ture ruwa mai yawa tun bai gama shiga ba. Watau dai rayuwar jirgi duka ta rataya ne a kan wannan iska da ke cikinsa. Ran da ruwa ya maye gurbinta, ya zama ƙusa.

Labarin jirgin yaƙin Amurka mai suna Johnston ya ƙunshi wannan darasi da wasu da dama. An shigar da shi aiki ranar 27 ga Oktoba, 1943, aka nutsar da shi ranar 25 ga Oktoba, 1944, saura kwana biyu ya cika shekara. Daga nan ya shafe shekara 75 ba wanda ya sa shi a ido.

Gwangwanin da ke gudu

Johnston yana cikin irin jiragen da Turawa ke kira distiroya, watau mai hallakarwa. Sunan ya fi jirgin ban tsoro, domin kuwa distiroya ƙaramin jirgi ne in aka gwada shi da manyan jiragen yaƙi. Aikinsa rakiya da sintiri: ya yi farautar jiragen ƙarƙashin teku, ya harbo jiragen sama, ya yi wa sojojin da ke sauka a gaɓa ruwan wuta a gabansu, ya kuma tsamo matuƙan da suka faɗa teku. An ƙera Johnston a birnin Seattle, a yammacin Amurka, bisa wani fasali da ake kira Fletcher, wanda aka ƙera jirage har 175 a kansa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tsawonsa kimanin mita 115, ya ɗan ɗara filin ƙwallon ƙafa ke nan, faɗinsa kuwa mita 12 kacal. Nauyinsa ya ɗan haura tan 2,000 kafin a loda masa mai da kaya.

Ba shi da sulke. Kaurin ƙarfen jikinsa a mafi yawan wurare bai kai santimita biyu ba, shi ya sa ma'aikatan irin waɗannan jirage ke yi musu laƙabi da gwangwani. Masu ƙira sun yi haka ne da gangan, domin sulke nauyi ne, nauyi kuwa abokin gabar gudu ne. A cikin cikinsa akwai manyan tukwanen tururi huɗu da ke ƙona baƙin mai, suna dafa ruwa har ya zama tururi mai zafin fiye da digiri 400 a ma'aunin Selshiyos. Wannan tururi ne ke bugun fukafukan injuna biyu, su kuma su juya farfela biyu da ke ƙarƙashin bayan jirgin. Ƙarfinsu gaba ɗaya ya kai na doki 60,000, abin da ke ba jirgin gudun kilomita 65 a awa ɗaya. A kan titi wannan ba wani gudu ba ne, amma a cikin ruwa, wanda ya fi iska kauri kusan sau 800, babban al'amari ne.

Makamansa igwa biyar ne masu faɗin baki milimita 127, kowace tana jefa harsashi mai nauyin kilo 25 zuwa nisan kilomita 16, sai ƙananan bindigogin harbo jiragen sama, da bama-baman da ake saki cikin ruwa, da kuma topido goma. Topido wani dogon bam ne mai inji da farfela a jikinsa, wanda ke tafiya da kansa a ƙarƙashin ruwa. Shi ne kaɗai makamin da ƙaramin jirgi zai iya kashe babba da shi, saboda dalilai biyu. Na farko, yana bugun jirgi ne a ƙasa da layin ruwa, inda kowane rami ke zama ƙofar ambaliya. Na biyu, ruwa ba ya matsuwa kamar iska, don haka in abu ya fashe a cikinsa, ƙarfin fashewar ba ya samun wurin ɓacewa, sai ya auka wa jikin jirgin.

Kwamfuta ba lantarki a ƙwaƙwalwarta

Abin da ya fi cancantar a tsaya a kansa a jikin Johnston shi ne yadda yake saiti. Mai karatu ya ƙaddara maharbi yana kan doki mai sukuwa, abin harbin kuma yana gudu a nisan kilomita goma sha biyar, ga iska tana kaɗawa, harsashin kuma sai ya yi fiye da rabin minti a sama kafin ya sauka. Ashe ke nan ba inda abokin gaba yake za a harba ba, sai inda zai kasance bayan rabin minti. Wannan lissafi ne da ya fi ƙarfin a yi shi da ka a tsakiyar yaƙi.

A saman jirgin akwai wani ɗan ɗaki mai juyawa da ke ɗauke da madubin hangen nesa da na'urar rada. Rada takan aika igiyar rediyo, ta bugi abu ta dawo, sai a auna lokacin da ta ɗauka. Tun da an san gudun igiyar, watau kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, nisan abin ya fito ke nan, ko da dare ne, ko cikin hayaƙi. Daga nan sai a aika wannan bayani zuwa can cikin jirgin, inda aka girke wata kwamfuta mai nauyin fiye da tan ɗaya. Wannan kwamfuta ba irin ta yau ba ce. Cikinta cike yake da giyoyi masu haƙora da sanduna da fayafayan ƙarfe, kamar cikin tsohon agogo, kuma da juyawarsu take tarawa da ɗebewa da ninkawa. Ana ba ta gudun jirgin da inda ya dosa, da nisan abokin gaba da nasa gudun, da ƙarfin iska, ita kuma tana fitar da amsa ba tsayawa, tana aika wa igogin nan biyar su juya tare. A gefenta akwai wata na'ura mai faifai da ke juyawa da tsananin sauri. Duk yaron da ya taɓa kaɗa katantanwa ya san muddin tana juyawa ba ta yarda ta kwanta. Da wannan ɗabi'a ce na'urar ke riƙe miƙaƙƙen layi, ta gaya wa igogin yadda igiyar ruwa ta karkatar da jirgin. Amfanin wannan duka shi ne Johnston na iya kauce-kauce yana harbi, saitinsa bai ɓace ba. Jiragen Japan kuwa sun fi dogara ga madubi da idon ɗan Adam.

Shugaban jirgin, Kwamanda Ernest Evans, ɗan jihar Oklahoma ne, daga jinin mutanen asali na Amurka, ƙabilun Cherokee da Creek. Ranar da aka ba shi jirgin ya shaida wa ma'aikatansa cewa wannan jirgin faɗa ne, cikin haɗari zai kai shi, wanda bai shirya ba ya sauka tun da wuri.

Watannin da suka biyo baya na aikin yau da kullum ne irin na distiroya. Ya yi luguden wuta a tsibiran Kwajalein da Eniwetok a farkon 1944, ya sa hannu wajen nutsar da jirgin ƙarƙashin teku na Japan mai lamba I-176 a watan Mayu, ya yi aiki a Guam a watan Yuli, sannan aka ba shi rakiyar ƙananan jirage masu ɗaukar jiragen sama. A wannan shekara ce kuma sojojin Afirka ta Yamma, cikinsu har da Hausawa masu yawa, ke fafatawa da Japan ɗin nan a dazuzzukan Bama, a ɗaya gefen fagen yaƙin.

Safiyar 25 ga Oktoba

Ranar 20 ga Oktoba, 1944, sojojin Amurka suka sauka a tsibirin Leyte na ƙasar Filifin. Japan ta san in ta rasa Filifin an datse mata hanyar man da take kwasowa daga kudu, jiragenta kuma sun zama kwanon ajiya. Don haka ta fito da kusan duk abin da ya rage mata, ta kuma haɗa da dabara. Ta turo wasu jirage masu ɗaukar jiragen sama daga arewa, kusan ba jirage a kansu, don su ja hankalin babbar rundunar Amurka da ke ƙarƙashin Adimiral Halsey. Halsey ya haɗiyi ƙugiyar, ya kwashi rundunarsa ya yi arewa, ya bar mashigin San Bernardino ba mai gadi. Cikin dare Adimiral Takeo Kurita ya ratso ta nan da manyan jiragen yaƙi huɗu, da matsakaita takwas, da distiroya goma sha ɗaya.

Abin da ya tarar a gabansa, daura da tsibirin Samar, wata 'yar ƙaramar runduna ce mai laƙabin Taffy 3, ƙarƙashin Adimiral Clifton Sprague: ƙananan masu ɗaukar jiragen sama shida, da distiroya uku, da wasu huɗu da ba su ma kai distiroya ba. A cikin jiragen Kurita akwai Yamato, wanda shi da ɗan'uwansa Musashi ne mafi girman jiragen igwa da aka taɓa ƙerawa. Nauyinsa ya kai tan 70,000, faɗin bakin igwarsa milimita 460, harsashi ɗaya kuwa kusan tan ɗaya da rabi. Ɗaki ɗaya daga cikin ɗakunan igwarsa uku ya fi Johnston nauyi in ba kaya a cikinsa. Gudu ma ba zai fisshe Amurkawa ba, domin masu ɗaukar jiragen saman nan ba sa wuce kilomita 33 a awa, alhali matsakaitan jiragen Japan na yin kusan ninkin haka.

Gab da ƙarfe bakwai na safe harsasai suka fara sauka daga nisan kimanin kilomita 30. Inda suka faɗa sai ruwa ya tashi sama da launi, wani ja, wani rawaya, wani kore. Ba ado ba ne: jiragen Japan kan sa rini daban-daban a harsashinsu, don mai saiti ya bambance inda nasa ya faɗi da na maƙwabcinsa, ya gyara.

Johnston ne ya fi kusa da abokan gaba. Evans bai jira umarni ba. Ya sa aka tayar da hayaƙi iri biyu, baƙi daga bututun tukwane ta hanyar rage wa wutar iska don man ya ƙi ƙonewa sosai, da fari daga wani sinadari da ke haɗuwa da laimar iska ya zama hazo. Sannan ya juya hancin jirgin ya doshi rundunar Japan shi kaɗai. Akwai hikima cikin yadda ya yi tuƙin: duk inda ya ga harsashi ya faɗa, nan yake nufa, domin ya san mai saiti zai gyara ya kai na gaba wani wuri dabam. Da ya iso inda igwarsa za ta kai, sai ya buɗe wa jirgin Kumano wuta, harsashi fiye da 200. Da tazarar ta ragu zuwa kimanin kilomita tara, ya saki topidonsa goma duka, ya juya cikin hayaƙinsa. Ɗaya daga ciki ya fille wa Kumano hanci, ya fitar da shi daga fagen.

Wajen ƙarfe bakwai da rabi sa'arsa ta ƙare. Manyan harsasai uku suka same shi, wasu uku matsakaita suka biyo baya. An daɗe ana cewa jirgin Kongo ne ya harbo manyan, amma binciken baya-bayan nan ya fi karkata ga Yamato. Inji ɗaya ya mutu, tururi mai ƙuna ya cika ɗakin ya kashe waɗanda ke ciki, gudun jirgin ya faɗo zuwa kilomita 31 a awa. Evans kansa ya rasa yatsu biyu na hannun hagu. A nan akwai wani abin mamaki. Japanawa sun ɗauka da manyan jirage masu sulke suke faɗa, don haka suka ɗura harsasan huda sulke. Irin wannan harsashi yana da kunamar da ba ta tashi sai ya bugi ƙarfe mai kauri, kuma takan ɗan jinkirta don ya fashe bayan ya shige ciki. A jikin ƙananan jiragen Amurka, da yawa daga cikinsu sun huda ta nan sun fita ta can ba su fashe ba. Rashin sulken da ake yi wa distiroya gori da shi, shi ya ƙara wa wasunsu kwana a wannan rana.

Sai ga hadari ya taso, ruwan sama ya lulluɓe jirgin na kimanin minti goma. Idon Japanawa ya daina ganinsa, ita kuwa rada ba ruwanta da ruwan sama. Ma'aikata suka yi ɗan gyaran da za su iya, wasu suka sauka can baya suna juya allon karkata jirgin da ƙarfin hannu.

Jirgin da ya rasa inji ɗaya da topidonsa duka yana da uzurin janyewa, ba kuma wanda zai zarge shi. Evans ya koma. Ya bi bayan Hoel da Heermann yana kare su da igwa lokacin da suka kai nasu harin, har ya kusa karo da Heermann cikin hayaƙi. Ya harbi wani babban jirgin yaƙi, ya yi ƙoƙarin janye wuta daga kan mai ɗaukar jiragen sama Gambier Bay da ake yi wa taron dangi. Daga bisani ya hangi jerin distiroyan Japan, jirgin Yahagi na gabansu, suna matsowa don sakin topido. Ya tare musu hanya yana harbi, suka saki topidon daga nesa, ba wanda ya sami ko jirgi ɗaya. A wannan lokaci ɗakin tuƙi ya riga ya kama da wuta, Evans yana tsaye a bayan jirgin yana ƙwala umarni ta wata ƙofa ga masu juya allon.

An raba cikin jirgin ɗaki-ɗaki da ƙofofin da ruwa ba ya ratsawa, don in ɗaya ya cika sauran su riƙe shi. Amma ramukan sun yi yawa. Ƙarfe 9:40 injin da ya rage ya tsaya, 9:45 Evans ya ba da umarni a bar jirgin, 10:10 Johnston ya kife ya nutse. Waɗanda suka tsira sun ba da labarin cewa wani distiroyan Japan ya wuce kusa da su, suka ga shugabansa ya sara wa jirgin yana nutsewa.

Tun kafin nan, jim kaɗan bayan ƙarfe tara, Kurita ya riga ya umarci jiragensa su ja da baya. Har yau masana tarihi na muhawara kan dalilinsa. Kwana biyu kafin nan an nutsar da jirgin da yake ciki, sai tsamo shi aka yi daga ruwa. Jiragensa sun warwatse. Matsakaita uku, Chokai da Chikuma da Suzuya, sun sami raunin da ya zama ajalinsu. Kuma tsananin faɗan ya sa ya gaskata cewa da babbar rundunar Halsey yake karawa. Ba adalci ba ne a jingina wannan ga Johnston shi kaɗai. Hoel da Samuel B. Roberts da Gambier Bay duk sun nutse a wannan safiya, matuƙan jiragen sama kuma sun yi ta kai farmaki, wasu ma bayan harsashinsu ya ƙare, don dai su sa jiragen Japan kauce-kauce. Sai dai Johnston ne ya fara, a lokacin da minti goma ke da tsada.

Cikin ruwa

Mutum 327 ne a jirgin, 141 suka rayu. Daga cikin 186 da suka mutu, waɗanda wutar yaƙi ta kashe nan take kimanin 50 ne kawai. Sauran a cikin teku suka mutu, wasu daga cikinsu saboda raunukan da suka samu a yaƙin. An aika wa masu ceto bayanin wurin da kuskure, don haka mutane suka yi kwana biyu suna reto a kan 'yan tabarmin ceto da raga masu toso. Ruwan wurin yana da ɗumi, amma duk da haka bai kai zafin jikin mutum ba, ruwa kuwa yana zuƙe zafin jiki fiye da iska kusan sau 25. Ga kifayen shak da jini ya jawo. Ga ƙishirwa, wadda ta fi kome muni, domin a kowace lita ta ruwan teku akwai gishiri kimanin giram 35, ƙodar ɗan Adam kuwa ba ta iya fitar da fitsari mai gishiri haka. Wanda ya sha kofi ɗaya sai jikinsa ya zubar da fiye da kofi ɗaya kafin ya rabu da gishirin. Waɗanda suka kasa daurewa suka sha, hankalinsu ya gushe, wasu suka saki abin da suke riƙe da shi suka tafi. An tsamo sauran ranar 27 ga Oktoba, ranar da jirgin zai cika shekara. An ga Evans da rai lokacin da ake barin jirgin, ba a sake ganinsa ba. Daga baya aka ba shi lambar yabo mafi girma ta sojan Amurka.

Mita 6,460

Inda Johnston ya nutse bakin wani ƙaton kwazazzabo ne na ƙarƙashin teku, Ramin Filifin, inda wani ɓangaren ɓawon duniya ke shigewa ƙarƙashin wani. A shekarar 2019 jirgin bincike mai suna Petrel ya saukar da na'ura mai kyamara, ta ga tarkacen wani distiroya a zurfin kimanin mita 6,200. An kuma ga sawu a cikin laka, alamar babban ɓangaren jirgin ya zame ya gangara ƙasa, inda na'urar ba ta iya kaiwa.

Ranar 31 ga Maris, 2021, wani tsohon hafsan sojan ruwa na Amurka, Victor Vescovo, ya bi sawun cikin wani ɗan jirgin nutso mai cin mutum biyu, mai suna Limiting Factor. A zurfin mita 6,460 fitilarsa ta haska gaban jirgi a tsaye bisa cikinsa, da farar lamba 557 a jikinsa, lambar Johnston. In da za a ɗauko Dutsen Kilimanjaro a dasa shi a wurin, da ruwan ya rufe ƙololuwarsa da fiye da mita 500. Shahararren jirgin nan Titanic yana kwance ne a mita 3,800 kawai.

Kowace mita goma da aka yi ƙasa cikin teku, matsin ruwa na ƙaruwa da kwatankwacin matsin iskar duniya ɗaya. A inda Johnston yake ya kai ninki 650, watau nauyin kimanin kilo 660 a kan wuri mai faɗin farcen yatsa. Dalili ke nan da ya sa ɗakin da Vescovo ya zauna a ciki aka yi shi dunƙulalle kamar ƙwallo, da ƙarfen titaniyom mai kaurin santimita tara, domin dunƙulallen abu yana raba matsi daidai ta ko'ina. To, me ya hana Johnston mai siririn jiki murƙushewa? Amsar tana ga ramukan da suka kashe shi. Matsi yana murƙushe abin da ke da iska a ciki ne. Inda ruwa ya riga ya cika, matsin ciki da na waje sun yi daidai. Sanyin wurin kuma, wanda bai fi digiri biyu ba, da rashin haske, sun rage wa tsatsa da halittun ruwa hanzari, har fenti ya tsira. An tarar da igogin gaba biyu da bututun topido a mazauninsu, ga ramukan harsashi a jikin jirgin.

Masu binciken ba su ɗauko kome ba, domin ana ɗaukar wurin a matsayin makabarta. Hotuna da taswira kawai suka miƙa wa rundunar sojan ruwan Amurka. Johnston ya riƙe matsayin jirgi mafi zurfi da aka taɓa ganowa na wata goma sha biyar. A watan Yuni na 2022 Vescovo ya sake komawa yankin, ya gano Samuel B. Roberts, abokin faɗansa na wannan safiya, a zurfin mita 6,895.